Tsofaffin bindigogin soja a kasuwar Amurka: ɓoye kaya ake yi, ko kayan ne suka ƙare?

Alhajin Ohio

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna wani al'amari da ya daɗe yana damun masu tara tsofaffin bindigogin soja a nan Amurka, wato mutanen da ke sayen bindigogin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu bisa doka, domin adanawa da nazarin tarihinsu. Bindigar Rasha da ake kira Mosin-Nagant, wadda sojojin sarkin Rasha suka fara riƙewa a 1891, kuma aka ƙera kimanin miliyan 37 daga cikinta, ita ce a da ake ɗauka a matsayin ƙofar shiga wannan harka. A shekarun 2000 mutum yana samunta a ƙasa da dala 100, a haɗa masa da banatinta da maɗaurinta da kwalbar mai, kuma shaguna kan jera su cikin akwatunan katako, duk sun sha maiƙon da aka adana su da shi tun bayan yaƙi. Yau irin wannan bindiga takan kai dala 400 ko fiye, idan ma an same ta da kyau. Haka abin yake ga SKS ta ƙasar Sin, da K31 ta Suwizalan, da Lee-Enfield ta Birtaniya, da Mauser ta Jamus wadda ita tsadarta ta wuce ta sauran nesa ba kusa ba.

Ni dai zargina ya fi karkata ga dillalai da masu saye su jibge, domin na sha ganin mutum ɗaya ya kwashe duk abin da ke kan tebur a wajen baje kolin bindigogi, ba don yana sha'awar tarihinsu ba, sai don ya ajiye har farashi ya tashi. Amma ina so in ji ra'ayin masana tarihi da na 'yan kasuwa da ke cikinmu, domin ina ganin matasan da suke son shiga wannan fanni an rufe musu ƙofa.

Ɗan Kwari

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban san bindiga ba, amma na san kasuwa, kuma zan roƙe ka ka raba abu biyu kafin ka ɗora wa dillalai laifin duka. Na farko, dalar kanta ta rage daraja. Abin da dala 100 ke saya a 2005 yana buƙatar kimanin dala 160 a yau, don haka wani ɓangare na tsadar da kake gani ba na bindiga ba ne, na kuɗin ne. Na biyu, ɗan kasuwa ba ya ɓoye kayan da ya san gobe wata mota za ta sauke irinsa. Idan ka ga mutane sun fara saye suna ajiyewa, to sun hango cewa hanyar da kayan ke zuwa ta tsinke, ke nan ɓoyewar ta biyo bayan ƙarancin ne, ba ita ta haifar da shi ba, ko da yake tana ƙara masa tsanani.

Sannan na tuna cewa a 2020, lokacin annobar korona da zanga-zangar da aka yi a biranen Amurka, labarai sun nuna cewa binciken da hukumar FBI ke yi kafin sayar da bindiga ya kai kusan miliyan 40 a shekara guda, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Idan sabbin bindigogi suka ƙare a shago, ai dole masu saye su koma kan tsofaffi.

Malamin Tarihi

Maganar Ɗan Kwari tana kan hanya, kuma zan ƙara da cewa, Alhaji, arahar da ka saba da ita ita ce baƙon abu, ba tsadar yau ba. Sau biyu kacal aka taɓa samun irin wannan ambaliya a tarihin Amurka, kuma kowacce tana da dalilin da ba zai maimaitu ba.

Ta farko ta zo ne a shekarun 1950, lokacin da ƙasashen Turai ke sauya makamansu bayan yaƙi, suna neman wanda zai raba su da miliyoyin bindigogi masu sakata, waɗanda sai an ja da hannu bayan kowane harbi. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Cummings, mai kamfanin Interarms da ke Alexandria a jihar Virginia, ya riƙa bin ma'ajiyoyin gwamnatoci yana saye a kan kuɗi kaɗan, ana tallata su a mujallu, mutum ya aika da kuɗi ta gidan waya a kawo masa har gida. Ta wannan hanya ce Lee Harvey Oswald ya sayi bindigar Carcano ta Italiya a 1963 daga wani shago a Chicago, a kan dala 19.95 har da madubin hange, wadda hukumar bincike ta gwamnati ta ce da ita aka kashe Shugaba Kennedy. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 sai majalisa ta zartar da dokar taƙaita bindigogi, wadda ta hana sayarwa kai tsaye ta gidan waya, ta kuma rufe ƙofar shigo da rarar makaman soja. Shekara 16 ƙofar tana rufe, sai a 1984 aka yi gyaran da ya halatta shigo da bindigogin da hukuma ta amince cewa kayan tarihi ne, wanda a bisa ƙa'ida ya haɗa da waɗanda suka kai shekara 50 da ƙerawa.

Ta biyu, wadda Alhaji ya riska, ta biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, Sobiyet ba ta zubar da tsofaffin bindigoginta ba bayan 1945. Ta kwance su, ta gyara, ta shafe su da maiƙo, ta jera a akwatuna, har da Mauser ɗin da ta ƙwace daga sojojin Jamus, duk domin shirin yaƙi na uku da take tsammani. Yaƙin bai zo ba, daular ta watse, ƙasashe irin su Yukiren da Romaniya da Bulgeriya da Albaniya da yankunan tsohuwar Yugoslabiya suka wayi gari da rumbuna cike da ƙarfe, aljihu kuwa babu kuɗin waje. Sai suka sayar da araha, domin a wurinsu kaya ne da ke cin wuri da kuɗin gadi. Wannan ruwan kududdufi ne da damina ɗaya ta tara, ba rijiya mai ɓuɓɓuga ba, kuma shekara talatin ana ɗiba. Masana'antun Tula da Izhevsk sun daina ƙera Mosin ta yaƙi tun da daɗewa, K31 kuwa duka-duka ba ta wuce dubu 530 da aka ƙera tsakanin 1933 da 1958 ba.

Ɗalibar Zariya

Malam, ina da tambaya, a yi mini afuwa idan ta yi sauƙi da yawa. Tunda sojojin duniya kullum suna sauya makamai, me zai hana bindigogin da suka ajiye a shekarun 1970 da 1980 su maye gurbin waɗanda suka ƙare? Ai su ma yanzu sun kai shekara 50 ko suna dab da kaiwa.

Barista

Ƙanwata, tambayarki ita ce ainihin gindin maganar. Tun daga shekarun 1950 zuwa 1960 sojojin duniya suka koma kan bindigogi masu sarrafa kansu, irin su AK-47 da G3 da M16, waɗanda ke zuba harsasai a jere muddin yatsa na kan kunama. Dokar Amurka ta 1968 ta hana shigo da irin waɗannan domin farar hula, sannan dokar 1986 ta hana yi wa farar hula rajistar sabuwar bindiga mai sarrafa kanta daga ranar 19 ga Mayu na wannan shekara. Saboda haka duk yawan AK-47 da wata ƙasa za ta ajiye, ba za ta shiga Amurka cikakkiya ba, sai an yanka uwar jikinta an shigo da sauran a matsayin kayan gyara. Mai tara kayan tarihi kuwa abin da yake nema shi ne bindiga yadda ta fito daga hannun soja, da lambobinta da hatimanta. Ke nan zuriyar ta tsaya a kan bindigogi masu sakata da 'yan kaɗan irin su SKS da Garand ta sojan Amurka, babu na baya da za su gaje su.

Ko waɗanda doka ta halatta ma siyasa ta riƙa datse hanyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. A watan Mayu na 1994 Shugaba Clinton ya hana shigo da bindigogin yaƙi da harsasai daga Sin, a lokacin da SKS ke ƙasa da dala 100. A 1996 aka ƙulla yarjejeniya da Rasha wadda ta taƙaita nau'o'in da za ta iya aikowa. Koriya ta Kudu ta so ta mayar wa kasuwar Amurka Garand kimanin dubu 87 da ƙananan bindigogin M1 kimanin dubu 770 da aka ba ta tun zamanin yaƙin Koriya, amma gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin a 2010, sannan a 2013 ta fitar da umarnin hana 'yan kasuwa dawo da makaman da Amurka ta bai wa ƙasashen waje. A 2014, bayan Rasha ta mamaye Kirimiya, aka ƙaƙaba wa kamfanin ƙera bindigogi na Rasha, Kalashnikov, takunkumi, a 2021 kuma gwamnatin Biden ta daina ba da sabon izinin shigo da bindigogi da harsasai daga Rasha, saboda gubar da aka sa wa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny. Da yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, Yukiren wadda ta kasance babbar madogarar Mosin ta daina zama mai sayarwa, har ma an ga hotunan mayaƙan ɓangaren Rasha da aka tara daga yankunan Donetsk da Luhansk riƙe da wannan tsohuwar bindiga a fagen fama.

Alhajin Ohio

Barista, Allah ya ƙara basira. Abin da kika faɗa game da harsasai ya taɓa ni ƙwarai, domin rabin abin da ya sa Mosin ta yi farin jini shi ne gwangwanayen harsasai masu ɗauke da guda 440 da ake samu da araha daga gabashin Turai. Yanzu sun yi wuya, kuma bindigar da mutum ba zai iya kai ta filin gwaji ba tana rasa masu sha'awa daga cikin matasa.

Duk da haka ban janye zargina gaba ɗaya ba, domin akwai ɓarnar da mu masu saye muka yi da hannunmu. A shekarun 1950 da 1960 mafarauta sun sayi dubban Mauser da Lee-Enfield da Springfield, suka yanke katakonsu, suka gajarta bututunsu, suka huda jikinsu domin ɗora madubi, saboda a lokacin sun fi sabuwar bindigar farauta araha. An sake yin haka da Mosin da SKS a zamaninmu, ana cire katakon asali a sa na roba. Duk wadda aka yi wa haka ta fita daga lissafin kayan tarihi har abada. Ga kuma jabu, wanda tsada ke haifarwa: ana ɗaukar Mauser ta gama-gari a buga mata hatimin wata runduna ta musamman, ko a goge lambobi a sake bugawa domin su dace da juna, a sayar wa sabon shiga a kan ninkin kuɗinta.

Sauran wuraren da kaya ke ɗan ɓullowa ba su da yawa. Akwai hukumar koyar da farar hula harbi ta CMP mai rumbu a Anniston ta jihar Alabama, wadda majalisa ta ba izinin sayar wa 'yan ƙasa Garand, kuma a 2018 ta karɓo kimanin dubu 86 daga Filifin da wasu dubbai daga Turkiyya, amma ita ma abin da aka mayar mata take sayarwa. Akwai kuma kayan Habasha da kamfanin Royal Tiger Imports ya fara shigowa da su wajajen 2019, inda aka samu Carcano da Mauser da Lee-Enfield da Gras ta Faransa da Vetterli ta Italiya. Da yawansu sun sha tsatsa da ƙura, katako ya tsage, cikin bututu ya cinye, amma duk da haka ana rububinsu. A shekarun 1990 mai saye ba zai kalli bindiga mai irin wannan hali ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aka kai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, waɗannan abubuwa suna koyar da tarihi ta hanyar da littafi ba ya iyawa. Za ka ɗauki Mosin ta ƙasar Finlan ka ga an ƙera uwar jikinta a Châtellerault ta Faransa a shekarun 1890 domin sarkin Rasha, daga baya ta faɗa hannun Finlan aka sake mata bututu, aka buga mata hatimin sojan ƙasar. Za ka kwance ƙarfen gindin K31 ka tarar da 'yar takarda mai ɗauke da sunan sojan da aka ba shi ita da garinsu.

Ɗan Agadas

Alhaji, ina girmama sha'awarka, amma ka ba ni dama in faɗi abin da ke raina, domin mu da muke zaune a Sahel muna kallon rumbun makamai da wani ido daban. Wani dalilin ƙarancin da ba a ambata ba shi ne, ƙasashe da yawa yanzu lalata rarar makamansu suke yi maimakon sayarwa. Shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2001 kan ƙananan makamai ya ƙarfafa hakan, yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ita ma haka, kuma ƙungiyar NATO ta tallafa wa Yukiren wajen lalata makamai masu ɗimbin yawa tun tsakiyar shekarun 2000. A Tumbutu an ƙona bindigogi kimanin dubu uku a watan Maris na 1996, a nan Agadas kuma an kunna wutar zaman lafiya ranar 25 ga Satumba na 2000, aka ƙona makaman da tsofaffin 'yan tawaye suka miƙa. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan buɗewar rumbunan Libiya a 2011, daga Mali har zuwa tafkin Cadi. Idan farashin da duniya za ta biya domin rage wannan bala'i shi ne mai tara kayan tarihi a Amurka ya sayi bindigarsa da tsada, ni ban ga asara a ciki ba.

Barista

Yaya na Agadas, damuwarka gaskiya ce kuma babu mai musunta ta. Abin da kawai zan ƙara shi ne, makaman da suka addabi Sahel galibi masu sarrafa kansu ne, kuma sun fita ne ta hanyar wawushe rumbuna da fasa-ƙwauri, ba ta hanyar ciniki mai lasisi ba. Tsohuwar bindigar da ta shiga Amurka bisa doka ana buga mata sunan kamfanin da ya shigo da ita, ana kuma rubuta ta a littafin dillali. Amma na yarda cewa gwamnatin da ba za ta iya tsare rumbunta ba, gara ta narkar da abin da ke ciki.

Jikan Sojan Bama

Ni abin da ya ja ni cikin wannan muhawara shi ne ambaton Lee-Enfield, domin ita ce bindigar da kakanninmu suka riƙe a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama, har suka kama garin Myohaung a watan Janairu na 1945, sunan da barikin Yaba a Legas ke ɗauke da shi har yau. Bayan 'yancin kai ma ta daɗe a hannun 'yan sandanmu. Sauran ƙasashe sun yi bankwana da ita kwanan nan: masu sintirin arewacin Kanada sun fara sauya ta wajajen 2018, 'yan sandan jihar Uttar Pradesh a Indiya kuma sun ajiye tasu a watan Janairu na 2020.

A Najeriya babu maganar farar hula ya tara irin wannan, domin dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashin .303 da 7.62 cikin jerin haramtattu, kuma a halin tsaron da muke ciki ba na neman a sassauta. Abin da nake nema shi ne a ware kaɗan daga cikinsu kafin a lalata, a kashe su yadda ba za su sake harbi ba, a kai gidajen tarihi tare da bayanin rundunar da ta riƙe su. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya nuna cewa ana iya yin hakan. Yaro daga Kano ko Bauchi bai kamata sai ya kalli bidiyon wani Ba'amurke a YouTube ba kafin ya ga irin bindigar da kakansa ya ɗauka zuwa Bama.

Malamin Tarihi

Wannan batu naka ya shafi Habasha kai tsaye. Cikin kayan da aka kwaso daga can akwai nau'o'in da suka dace da zamanin Sarki Menelik na Biyu, wanda ya tara bindigogi daga Faransa da Rasha da ita kanta Italiya kafin ya karya sojojin Italiya a Adwa ranar 1 ga Maris na 1896. Irin haka ta faru da Nefal a 2003, lokacin da wasu kamfanonin Amurka biyu suka sayi abin da ke cikin tsohuwar fadar Lagan Silekhana a Katmandu, bindigogi sama da dubu 50, ciki har da Martini-Henry ta zamanin Sarauniya Biktoriya. Masu saye za su ce sun ceto su daga tsatsa, kuma akwai gaskiya a ciki, tunda da yawa ruɓewa suke yi a inda suke. Amma tarin da ya watsu a gidaje dubu ba zai sake haɗuwa ba, kuma mai binciken Habasha da ke son nazarin makaman Adwa yanzu zai nemi wani ɓangare na shaidarsa a wata nahiya.

Ɗan Kwari

Alhaji, ina da tambaya ta ƙarshe ta ɓangaren ciniki. Waɗanda suka sayi kayan nan da yawa a shekarun 1990 yanzu sun manyanta. Idan magada suka fara fitar da abin da iyayensu suka tara, kuma 'ya'yan ba su da sha'awa, ba ka ganin kasuwa za ta cika farashi ya sauko?

Alhajin Ohio

Hakan ya riga ya fara, Malam, domin mafi yawan kyawawan bindigogin da ake gani yanzu a gidajen gwanjo irin su Rock Island da shafin GunBroker daga kayan gado suke fitowa, ba daga jirgin ruwa ba. Sai dai suna fitowa ne ɗaya-ɗaya, kuma gwanjon intanet ya sa mai saye a Texas yana takara da na Pennsylvania a kan bindiga guda, alhali a da sai wanda ya je baje koli da ƙafarsa. Ina tsammanin na gama-gari irin su Mosin da Carcano za su iya tsayawa ko su ɗan sauko idan tattalin arziki ya matsa, amma waɗanda lambobinsu suka dace kuma ba a taɓa su ba, ban ga abin da zai sauko da su ba. Matasan da ke tambayata a nan ina ba su shawarar su fara da sayen littattafan hatimai da lambobi, su zaɓi ƙasa ɗaya ko yaƙi ɗaya su tsaya a kai, kuma su nemi lasisin masu tara kayan tarihi na hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi a Amurka, wanda har yanzu dala 30 ne na shekara uku, bayan sun tabbatar da abin da dokar jiharsu ta tanada.